Naɗin Wakilin Sama

A Dajin Rugumai akwai wata doka da ko jinjirin zomo ya san ta kafin ya san sunan ubansa: duk abin da ya faɗo daga sama na fada ne. Ɗinya in ta nuna ta faɗo, ta Sarki ce. Kanya haka, kaɗanya haka, ɗan tsuntsun da ya zamo daga sheƙa haka. Wannan doka ce ta sa birai suka yi ƙiba, don su a sama suke tsinka. Kunkuru kuwa tun daga kan kakansa ɓarawo ne a idon shari'a, tunda bai taɓa cin abin da bai faɗo ba. Ruwan sama kaɗai aka yafe wa talakawa, shi ma ba don tausayi ba, an dai rasa inda za a tara shi ne.

Sarkin dajin wani zaki ne mai suna Barmo, wanda ya daɗe bai fita farauta ba har ya manta yadda barewa ke gudu. Wazirinsa dila ne, Mantau, mai taushin murya, wanda in ya gaishe ka sai ka waiga ka duba ko wutsiyarka tana nan. Sai kura, Hakama, mai riƙe da sarautar Sarkin Tsintuwa. Ita ke bin gindin itatuwa tana kwashe abin da ya faɗo, ta kai fada abin da ya rage bayan ta ɗanɗana. Akwai kuma giwa, Tambai, Sarkin Ayyuka, wadda ke da ƙarfin tuge kuka da saiwarta, amma ba ta ɗaga ko kara sai majalisa ta zauna ta ba ta izini. Haka aka tarar, haka ake tafiya, kuma duk wanda aka tambaya a gaban jama'a cewa yake lafiya lau.

Tunau kuwa rema ne, irin 'yan dabbobin nan masu kama da gafiya marar wutsiya da ke zama a kogon dutse. Ba ya cikin lissafin kowa, kuma kullum yana gode wa Allah da haka. Gidansa wani kogo ne a ƙugun tsauni, ƙofarsa ɗaya, ciki matarsa Kyauta da 'ya'yansu ƙanana uku. Burinsa a duniya bai wuce ganye da safe da miƙe ƙafa a kan falalen dutse ba.

Wata ranar bazara da hantsi ya sauka tsinko ganye, sai sama ta tsage. Wani haske ya ratsa wanda ya mai da rana kanta kamar fitilar aci-balbal, yana jan jelar hayaƙi a bayansa. Sannan ƙara ta biyo, irin wadda ta sa ɓauna sakin fitsari bai sani ba. Abin ya daki kan tsauni, ya ɓare wani gawo gida biyu, ya gangaro yana tartsatsi, duk faɗin dajin nan ya rasa inda zai tsaya sai ƙofar gidan Tunau. Dutse ne baƙi ƙirin, girman ɗan maraƙi, yana ƙaurin ƙarfen da aka ciro daga wuta. Ya toshe ƙofar tsaf, sai wata 'yar tsaga da ko ɓera ba zai bi ba.

Tunau ya manna baki a tsagar, gashin bakinsa na babbakewa. "Kyauta! Kuna da rai?"

"Muna da rai, sai dai duhu. Me ka jawo mana kuma?"

"Ni? Daga sama fa ya faɗo!"

"To ɗauke shi."

"Haba Kyauta, kin ga girmansa kuwa?"

"Malam, ai ba cewa na yi ka goya shi ba. Ba kullum kake cika mana baki cewa Giwa gwaggonka ce ba? To yau ga ranar dangi. Ɗan ruwan da ke tsattsafowa a bango ba zai kai mu ko'ina ba, ga auta ya fara kuka."

Gaskiya ne remaye na iƙirarin su dangin giwa ne, ko da yake ba a taɓa jin wata giwa ta amsa ba. Tunau ya zabga da gudu, ya tarar da Tambai a inuwa tana fifita da kunnuwa.

"Gwaggo, ki yi wa Allah. Dutse ya rufe mini iyali. Tura ɗaya da goshinki ya isa."

Ta dube shi daga can sama kamar mai neman abin da ya faɗi a ciyawa. "Dutsen nan, faɗowa ya yi ko gangarowa?"

"Duka biyu, Gwaggo."

"Wanne ya fara?"

"Faɗowa."

"To na fada ne. In na taɓa kayan fada babu izini, gobe a ce Tambai ta fara sha'awar kujera. Kai maganarka majalisa. Da an ce in tura, kafin ka yi atishawa na gama." Ya juya zai tafi ta ƙara da cewa, "Kuma ka daina kirana Gwaggo a gaban jama'a."

Majalisa ta zauna washegari a gindin babbar kuka, manya a inuwa, ƙanana a rana kamar yadda aka saba. Tunau ya raɓe a layin kunkuru. Shi a zatonsa maganar iyalinsa za a yi.

Hakama ce ta fara miƙewa, tana magana da gefen baki ɗaya, don tun jiya ta je ta gwada ɗanɗana abin. "Allah ya ja zamanin Sarki. Magana ba ta da tsawo. Abu ya faɗo, abin da ya faɗo tsintuwa ne, tsintuwa kuwa ofishina ne. Na riga na je na duba shi, har na ba da haƙori guda a bakin aiki. Ina roƙo a ba ni ma'aikata, da abincin ma'aikata, mu yi gadinsa har a gano amfaninsa."

Sai aka kira Shamuwa, wadda ta sauka a makon nan daga yawonta na shekara, don ita ce ta ga ƙasashe. Ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta ɗaga baki kamar wadda aka tilasta wa magana da ƙauyawa.

"Ranka ya daɗe, na sha ganin irinsa a Sahara, a yashe, ba mai kula su. Can sama, bayan gajimare, bayan wata, akwai duwatsu birjik suna ta kewaya rana kamar awakin da ba su da makiyayi. Wasu 'yan tsakuwa ne, su ne kuke gani suna gilmawa da wuta su ƙone kafin su iso ƙasa. Wasu kuwa sun fi tsaunin can. Lokaci lokaci ɗaya ya yi karo da ɗan'uwansa, ya saki hanya, ya faɗo inda ya faɗo. Ba wanda ya aiko shi. Bai ma san akwai Sarki a nan ba."

Sarki Barmo ya buɗe ido ɗaya.

"Kika ce suna da yawa?"

"Sun fi ƙudajen da ke bin Sarkin Tsintuwa, ranka ya daɗe."

Kafin na zaune a rana su gama ɓoye dariyarsu Waziri Mantau ya miƙe, ya gyara wutsiya.

"Jama'a, baƙuwarmu ta faɗi gaskiya, sai dai gajiyar tafiya ta sa ta faɗe ta a birkice. Me ta ce mana? Ta ce akwai al'umma a sama, masu yawa, masu nauyi, manyansu sun fi tsauni. To irin wannan ƙasa ta turo ɗaya daga cikinta, da wuta, da tambari, ido na ganin ido, mu kuma mu kira shi tsintuwa? Kanya ce shi? Wa ya taɓa ganin kanya ta zo da tsawa? Wannan jakada ne. Duk dazukan duniya ya tsallake, ya zaɓi na Sarki Barmo. Baƙin fada kuwa, kamar yadda kowa ya sani, ofishin Waziri ne ke kula da saukarsu da cimarsu."

To, nan ne maganar take. In kaya ne, kura za ta ci. In baƙo ne, dila. Sarki ya auna duka biyun, ya ga jakada ya fi daɗi a kunne, ya gyaɗa kai ya mai da idonsa ya rufe.

Tunau bai san lokacin da ya yi tsalle ba. "Ranka ya daɗe, iyalina na bayansa!"

"Madalla," in ji Waziri. "Ashe har ya zaɓi masauki. Majalisa na taya ka murna. Ba kowane gida ake yi wa wannan daraja ba."

"A ɗan gusa shi kawai, yallaɓai, yadda yara za su fito."

"A gusa jakada? Kai in ka yi baƙo, tura shi kake yi? Zauna, malam, kada ka haɗa mu yaƙi da sama."

Ba a ɗau lokaci ba aka yi naɗi. Duk fada ta hau tsauni, har Sarki, yana haki yana tsine wa duwatsu a ransa. Aka naɗa wa dutsen saɓar mesa a matsayin rawani, aka ba shi sarautar Wakilin Sama. Birai suka yi kiɗa, kowa ya faɗi ya yi gaisuwa, Tambai da kanta ta yi masa fifita. Daga ranar dutsen ya shiga ƙarƙashin wata dokar kuma, wadda ta ce mai sarauta ba a taɓa shi, ba a tashe shi daga inda ya ga dama ya zauna. Tunau na tsaye a gefe, ana ta yi masa barka.

Aka yanka wa kowane gida abincin baƙo. A jibge shi gaban Wakili da yamma, kafin gari ya waye babu ko ƙashi. Jama'a suka yi ta mamakin cin mutanen sama, Waziri kuwa wuyansa ya fara ninkewa. Shi ne kuma tafinta. In wata magana ta taso a majalisa, sai ya hau tsauni, ya kara kunne a jikin dutsen, ya dawo ya ce Wakili ya amince. Tunda aka kafa Rugumai ba a taɓa yin ɗan majalisa mai sauƙin kai irinsa ba.

Tunau ya gwada duk abin da mai rai zai gwada. Ya roƙi dabgi ya haƙa ta gefe, dabgi ya karce dutse har faratansa suka yi jini ya ba shi haƙuri. Ya koma majalisa ya yi kuka da hawaye, aka kafa kwamiti, aka sa hawainiya shugaba. Abin da ya rage masa shi ne ya jiƙa ganye a rafi, ya hauro da shi a baki, ya tura ta tsaga. Shi ma sai ya faki idon karnukan dajin da Waziri ya girke, don sun ce yana hana Wakili hutawa.

Wata rana da azahar ya samu ya manna baki a tsagar. Muryar Kyauta ta fito siririya, babu faɗa a cikinta, wannan kuwa ya fi komai tayar masa da hankali.

"Auta ya daina kuka."

"Alhamdulillahi."

"Ba alhamdulillahi ba ne, Malam. Ƙarfin kukan ne babu. Bangon ma ya bushe."

Tunau ya zauna daɓas. Yana nan zaune sai ga wata tsohuwar zomanya ta zo ta durƙusa gaban dutsen, ta yi ta zayyana masa yadda yanyawa ta ƙwace mata rami. Ta gama, ta share ido, ta tafi da sauƙin zuciya, don yau ta kai ƙara ba a cije ta ba. Bayanta ga barewa, bayan barewa ga zabi. Tunau ya bi layin da kallo har gindin tsauni. Sai ya tuna wani ɓauna da ya taɓa riƙe Galadima a dajin nan. Ya yi sata shekara da shekaru ba a ce masa kanzil ba. Ranar da talakawa suka yi masa tafi fiye da na Sarki, ranar aka tuɓe shi, kuma aka raka shi bakin iyaka kafin rana ta faɗi, don a Rugumai tuɓaɓɓe ba ya kwana a gari.

"Kyauta, ki lasa wa yaron ganyen nan. Zan je fada."

"Kuka kuma?"

"A'a. Godiya."

Da aka ji mai masauki ya zo godiya, nan da nan aka ba shi fili, don fada ba ta taɓa ƙoshi da godiya ba. Tunau ya faɗi, ya zuba ƙasa a ka, ya miƙe.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Kwanaki na zo da kuka, jahilci ne, a gafarce ni. Ni da nake kwana a gindin Wakili na ga abin da ban taɓa gani ba. Tunda ya zo bai ci ɗan kowa ba. Bai yi wa kowa tsawa ba, in ban da ta ranar farko. Zomaye na kai masa ƙara, su yi ta zuba har su gaji, bai taɓa yin hamma a tsakiyar shari'a ba. Barewa ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa tsayawa kusa da mai sarauta hankalinta kwance ba sai yanzu. Layin masu gaisuwa, ranka ya daɗe, har rafi! Shi ya sa ka ga fada ta ɗan yi fili kwanan nan. Jiya ma na ji tsofaffi na cewa, ashe haka mulki yake a wasu wurare."

Waziri ya fara tari. Tunau bai dube shi ba.

"Ga kwarjini! Ranar naɗi kowa ya faɗi ƙasa, shi ko gezau. Kai kanka da ka taka da ƙafarka ka hau tsauni ka same shi har inda yake, bai tashi ba. Na ce a raina, lallai wannan ya san daga inda ya fito."

Sarki Barmo ya buɗe ido duka biyu, abin da rabon a gani tun rasuwar ubansa.

"Bai tashi ba?"

"Ko motsi, ranka ya daɗe. Sai ka ce kai ne baƙon."

Hakama, wadda tun ranar da abinci ya koma ofishin Waziri take ramewa, ta yi wuf ta miƙe. "Allah ya taimake ka, na daɗe ina haɗiye maganar nan! Tunda aka naɗa shi ya taɓa zuwa fada gaisuwa ko sau ɗaya? Kuma wa ya karya wa jami'ar Sarki haƙori tana bakin aiki? Ga gurbin nan, kowa ya duba! In wannan ba tawaye ba ne, a gaya mini sunansa."

Sarki ya juya kan Waziri a hankali. "Mantau, kai ne tafintansa. Me yake cewa a kaina?"

Mantau bai kai inda ya kai don tsayawa bayan abokai ba. Ya sunkuyar da kai, ya yi ajiyar zuciya. "Ranka ya daɗe, ban so in ɗaga maka hankali ba sai na gama tattara hujja. Kwanan nan shirunsa ya canza. Da shirun ladabi yake yi. Yanzu kuwa, wallahi, shirun raini ne."

Aka tuɓe Wakilin Sama a zaman nan, babu wanda ya ƙi. Aka ba Sarkin Ayyuka izini. Tambai ta hau tsauni, jama'a na biye, ta sa goshi, ta tura sau ɗaya. Dutsen ya gangara yana karya ƙirare, ya tsallake rafin iyaka, ya faɗa kwazazzabo, aka ji ƙararsa daga nesa, aka yi kabbara.

Kyauta ta fito tana ƙifta ido, ƙashin haƙarƙarinta a waje, auta a bakinta, sauran biyun na tangaɗi a bayanta. Tunau ya matse jiƙaƙƙen ganye a bakin autan. Yaron ya haɗiye, ya yi tari, sannan ya ɓare baki da wani kuka marar daɗin ji. Tunau bai taɓa jin kiɗan da ya kai shi ba.

Amma Waziri na tsaye yana lissafi. An tuɓe ɗan tawaye, gobe Sarki zai fara tambayar su wa suka tsaya masa, kuma sunan tafinta ne zai fara zuwa baki. Sai ya ɗaga murya.

"Jama'a, su wane ne waɗannan da suka fito daga bayan maci amana? Kwana da kwanaki suna ƙule da shi, ba wanda ya san abin da suke kitsawa. Maigidansu kuwa, a gabanmu ɗazu ya tsaya yana yabonsa har yana kumfar baki. Ko akwai wanda bai ji ba?"

Kowa ya ji. Aka yanke Tunau da iyalinsa su bi tuɓaɓɓen Wakili kafin rana ta faɗi. Tunau ya buɗe baki zai yi bayani, Kyauta ta take masa ƙafa.

"Malam, ka yi maganar da za ka yi yau. Ɗauki yaro."

Suna gangarowa suna jiyo majalisa ta sake zama. Kujerar Wakilin Sama ta zama babu kowa, har mutum uku sun fito nema. Waziri kuma ya kawo shawarar a kafa rundunar masu kallon sama, don in wani ya sake faɗowa a san ofishin da zai fara isa gare shi.

Can ƙasan kwazazzabo suka tarar da tsohon Wakili ya gitta tsakanin wasu duwatsu biyu, rawaninsa ya zame yana reto a jikin ƙaya. Ƙarƙashinsa wani lungu ne busasshe, mai sanyi, ga ruwa na gudu kusa. Tunau ya ja da baya.

"Ba dai nan ba, Kyauta. Bayan abin da ya yi mana?"

Ba ta kula shi ba. Ta shiga ta wannan gefe, ta shinshina, ta ɓulla ta wancan. Ta sake komawa ta ɓullo, don ta tabbatar. Sannan ta ajiye auta a tsakiya ta fara share ƙasa da ƙafa.

"Shigo da su," ta ce. "Shi a sama, mu a ƙasa, kamar kowane mai sarauta. Amma wannan karon akwai ƙofar baya."